Antatika: Nahiyar da Ba Ta da Sarki, da Yarjejeniyar da Ke Riƙe da Ita

A can ƙarshen kudancin duniya akwai wata nahiya mai faɗin kusan murabba'in kilomita miliyan 14, wato kamar a jera Najeriya sau 15, amma ba ta da shugaban ƙasa, ba ta da majalisar dokoki, ba ta da 'yan sanda, kuma babu wata al'umma da za ta ce a can aka binne cibiyar kakanninta. Wannan ita ce Antatika. Abin da ke tafiyar da al'amuranta wata gajeriyar yarjejeniya ce mai sassa 14, wadda ƙasashe 12 suka rattaba wa hannu a birnin Washinton ranar 1 ga Disamba, 1959, ta kuma fara aiki a watan Yunin 1961. A ganina, wannan takarda tana cikin ayyuka mafi hikima da gwamnatocin duniya suka taɓa yi tare, kuma abin da ke damuna shi ne yadda ake barin ta tana raunana a hankali, alhali mu mutanen Afirka, da muke cikin waɗanda za su ɗanɗana kuɗa idan ta lalace, kusan babu mu a zauren da ake yanke shawara a kanta.

Kafin a kai ga wannan yarjejeniya, Antatika ta kama hanyar zama filin daga. Ƙasashe bakwai, wato Ajantina, Ostireliya, Cile, Faransa, Niyuzilan, Norwe da Birtaniya, kowacce ta shata layi a taswira ta ce wani yanki nata ne, kuma yankunan da Ajantina da Cile da Birtaniya suka shata sun hau kan juna. Amurka da Tarayyar Sobiyet kuwa ba su amince da iƙirarin kowa ba, sannan kowacce ta ce tana da damar gabatar da nata iƙirarin duk ranar da ta ga dama. Rigimar ba ta tsaya a fatar baki ba, domin a watan Fabrairun 1952, a wani wuri da ake kira Hope Bay, sojojin Ajantina sun yi harbi da bindiga mai sarrafa kanta ta saman kawunan wasu 'yan Birtaniya da ke sauke kaya daga jirgin ruwa don su sake gina tasharsu da gobara ta cinye. Ba a rasa rai ba, kuma daga baya Ajantina ta ba da haƙuri, amma kowa ya gane inda aka dosa, musamman da yake a lokacin duniya ta rabu gida biyu tsakanin Amurka da Sobiyet.

Masana kimiyya ne suka buɗe ƙofar sulhu. Daga watan Yulin 1957 zuwa ƙarshen 1958, ƙasashe 67 suka haɗa kai wajen wani gagarumin shiri na nazarin duniya baki ɗaya, tun daga sararin samaniya har zuwa ƙarƙashin teku, kuma 12 daga cikinsu suka kafa tashoshin bincike a Antatika bisa fahimtar cewa za a jingine zancen mallaka har a gama aikin. Amurka ta kafa tasharta a daidai tsakiyar doron kudu, Sobiyet ta kafa tashar Bostok a can cikin tudun ƙanƙara, inda daga baya, a watan Yulin 1983, aka auna sanyin da ya kai digiri 89.2 ƙasa da sifili. Abin mamaki shi ne a tsakiyar Yaƙin Cacar Baka ƙasashen biyu sun riƙa musayar masana, har ɗan Amurka ya yi hunturu a tashar Sobiyet, ɗan Sobiyet kuma ya yi a tashar Amurka, suna cin abinci a teburi ɗaya da masu masaukinsu. Da aka ga abin ya yi kyau, sai Shugaba Eisenhower na Amurka ya gayyaci sauran ƙasashe 11 domin a mayar da wannan fahimta ta wucin gadi ta zama doka.

Yarjejeniyar ta shafi duk abin da ke kudu da layin digiri 60 na kudu a taswirar duniya. Ta haramta kafa sansanin soja da atisaye da gwajin makamai, ta hana fasa makamin nukiliya da zubar da dattinsa, ta kuma wajabta cewa sakamakon bincike a buɗe yake ga kowa. Amma zuciyarta tana cikin sashe na huɗu, wanda bai ce wa kowa ya janye iƙirarinsa ba, bai kuma tabbatar wa kowa nasa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, muddin yarjejeniyar tana aiki, babu sabon iƙirari, babu faɗaɗa tsoho, kuma babu wani aiki da ƙasa za ta yi a can wanda zai ƙara mata hujja ko ya rage wa wata. Lamarin ya yi kama da gonar gado da 'yan'uwa suka kasa rabawa, sai dattawa suka yanke cewa kowa ya riƙe maganarsa a ransa, amma babu mai sayarwa, babu mai kafa shinge, kuma kowa yana iya shiga ya yi noma. Masu son a warware kowace rigima nan take suna iya kallon wannan a matsayin guje wa gaskiya, amma ni ina ganin an fahimci cewa akwai taƙaddamar da idan aka matsa sai an yanke ta, yaƙi za ta haifar, kuma shekara fiye da 60 da aka yi babu harbi a nahiyar ta isa shaida. An kuma ƙarfafa amana da wani tanadi da ba a saba gani ba, wanda ya ba wa ƙasashe masu ƙuri'a, wato masu ikon yanke shawara a tarukan yarjejeniyar, damar tura masu sa ido su shiga kowace tasha a kowane lokaci su duba abin da ake yi. Amurka ta duba tashoshin Sobiyet a 1964, kuma a 2012 Amurka da Rasha sun haɗa tawaga ɗaya sun zaga tashoshin wasu ƙasashe tare.

Duk mai tambayar amfanin da wannan tsari ya yi wa talakan da bai taɓa ganin ƙanƙara tana sauka ba, sai ya dubi labarin iskar ozon. A sama da mu, tsakanin kilomita 15 zuwa 35, akwai shimfiɗar wannan iska da ke tace hasken rana, tana tare nau'in hasken da ke jawo sankarar fata da yanar ido, yake kuma lalata amfanin gona. Tun lokacin wancan shiri na 1957, masana a tashar Halley ta Birtaniya suke auna yawan ozon da wata tsohuwar na'ura da ake saita ta wajen hasken sama, a karanta lamba, a rubuta a littafi, kullum haka, shekara da shekaru, cikin sanyin da ke daskarar da numfashi a gemu. Aiki ne mai gundura wanda ba ya kawo suna, kuma da an bi ta masu neman sakamako cikin gaggawa da tuni an rufe shi. Sai ga shi daga ƙarshen shekarun 1970 lambobin watan Oktoba sun fara zubewa, har suka ragu da fiye da kashi ɗaya bisa uku. Joe Farman da Brian Gardiner da Jonathan Shanklin suka wallafa abin da suka gani a watan Mayun 1985. Wani masani ɗan Japan, Shigeru Chubachi, shi ma ya lura da irin wannan raguwa a tashar Syowa, sannan hotunan tauraron ɗan'adam na Amurka suka tabbatar da cewa wani makeken gurbi ne ke buɗewa a saman nahiyar duk shekara. A 1986 Susan Solomon ta jagoranci tawaga zuwa tashar McMurdo, inda awon da suka yi ya ƙarfafa hujjar cewa sinadaran da ake kira CFC, waɗanda ake zubawa a firij da na'urar sanyaya ɗaki da gwangwanin feshi, su ne ummul'aba'isin ɓarnar, kamar yadda Mario Molina da Sherwood Rowland suka yi gargaɗi tun 1974.

Saboda bayanan sun fito daga tashoshin ƙasashe daban-daban, kuma kowa yana iya duba na ɗan'uwansa, babu wanda ya iya cewa farfagandar wata ƙasa ce. A watan Satumban 1987 aka ƙulla Yarjejeniyar Montiriyal ta daina amfani da waɗannan sinadarai, wadda a ƙarshe kowace ƙasa a Majalisar Ɗinkin Duniya ta shiga, aka kuma kafa asusu na musamman don taimaka wa ƙasashe masu tasowa su sauya, aka ba su wa'adi har zuwa 2010. Duk tsohon mai gyaran firij a Kano ko Maraɗi ya san lokacin da gas ɗin R12 ya fara wuya a kasuwa, aka koma R134a, yanzu kuma sababbin firij da yawa suna zuwa da R600a. Wannan sauyi da ya gani a shagonsa ya samo asali ne daga lambobin da aka rubuta a Halley. A 2016, a birnin Kigali, aka ƙara wa yarjejeniyar wani sashe na rage sinadaran da suka maye gurbin CFC, domin an gano suna ɗumama duniya. Ƙiyasin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne, idan aka ci gaba a haka, ozon da ke saman Antatika zai koma yadda yake a 1980 wajen shekarar 2066.

Ƙanƙarar kanta ma taska ce ta tarihi. A tsakiyar nahiyar, ƙanƙarar da ta sauka ba ta narkewa, ta bana tana danne ta bara, har ta dunƙule ta kulle 'yan ƙananan kumfa na iskar zamanin da ta sauka. Masana suna haƙa rami siriri su zaro ta sanda-sanda, kaurin kowace kimanin santimita 10 ne, su yanka, su auna iskar da ke ciki. A Bostok, haɗin gwiwar Rasha da Faransa da Amurka ya kai zurfin mita 3,623 a 1998, aka samu tarihin yanayi na kimanin shekara 420,000. Daga baya ƙasashen Turai 10 suka haɗu suka haƙo ƙanƙara mai shekara 800,000 kusa da tashar Concordia, wadda Faransa da Italiya ke gudanarwa tare. A duk tsawon wannan lokaci, iskar kabon da ke riƙe zafi ba ta taɓa wuce kusan kashi 300 cikin miliyan ba, amma yau ta haura 420. Da wuya wata ƙasa ita kaɗai ta iya ɗaukar nauyin irin wannan aiki, kuma ko ta iya, da wuya sauran duniya su gaskata ta kamar yadda suka gaskata aikin da aka yi da hannu da yawa.

Yarjejeniyar 1959 ba ta ce komai a kan ma'adinai ba, kuma wannan giɓi ya kusa jawo ɓarna. Bayan tattaunawar shekara shida, a 1988 aka amince a birnin Wellington da wani tsari da zai ba da damar haƙar ma'adinai bisa sharuɗɗa. Sai a watan Janairun 1989 wani jirgin ruwan Ajantina mai suna Bahia Paraiso ya yi karo da dutse kusa da tashar Palmer, ya malalar da ɗaruruwan dubban litocin man dizal a wurin da tsuntsaye ke ƙyanƙyasa, bayan wata biyu kuma jirgin dakon mai na Exxon Valdez ya yi mummunar ɓarna a Alaska. Hankalin jama'a ya tashi, Firaministan Ostireliya Bob Hawke da takwaransa na Faransa Michel Rocard suka ce ba za su sa hannu ba, tsarin ya mutu tun bai fara aiki ba. A madadinsa aka ƙulla Yarjejeniyar Madrid a 1991, wadda ta fara aiki a 1998, ta ayyana Antatika a matsayin keɓaɓɓen wuri na zaman lafiya da kimiyya, ta kuma haramta duk wata harkar ma'adinai in ba ta bincike ba. Ana yawan yaɗa cewa wannan haramci zai ƙare a 2048, amma ba haka abin yake ba. Daga wannan shekara ne kawai wata ƙasa mai ƙuri'a za ta iya neman a kira taron bita, kuma ko an kira, ɗage haramcin yana buƙatar rinjaye mai wuyar samu, tare da sharaɗin cewa sai an riga an kafa wata doka mai ɗaure kowa a kan ma'adinan.

Dokokin Madrid sun shiga har cikin ƙananan al'amuran yau da kullum. An kwashe karnukan jan kaya daga nahiyar baki ɗaya a 1994 don kada su yaɗa wa dabbobin wurin cuta, ana kwaso yawancin shara a jirgi a fitar da ita, kuma kafin baƙo ya taka ƙasa sai an wanke takalminsa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, an zazzage aljihunsa an bi ɗinkin rigarsa, don kada ƙwayar iri guda ta maƙale ta je ta tsiro inda ba muhallinta ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne yadda ake yanke shawara. A tarukan yarjejeniyar, da kuma na hukumar kula da albarkatun tekun Antatika mai hedikwata a birnin Hobart, ba a zartar da muhimmin abu sai kowa ya yarda. Wannan ƙa'ida ce ta sa manyan ƙasashe suka saki jiki suka shiga tun farko, domin kowacce ta san ba za a yi mata taron dangi ba, amma ita ce kuma ta ba wa ƙasa guda damar hawa kujerar naƙi ta tsayar da kowa. A 2016 an yi abin a zo a gani, lokacin da bayan shekaru ana kai ruwa rana hukumar ta amince da keɓe murabba'in kilomita miliyan 1.55 a Tekun Ross, inda aka hana kamun kifi na kasuwanci a mafi yawan yankin har shekara 35. Tun daga nan ba a sake keɓe wani yanki ba. Shawarwarin kare gabashin Antatika da Tekun Weddell da kewayen zirin da ya miƙa wajen Kudancin Amurka suna zuwa teburi shekara bayan shekara, Rasha da Sin suna ƙin amincewa. A 2022, a taron Balin, Sin ta hana a ba wa babban tsuntsun fengwin kariya ta musamman, duk da cewa rayuwarsa ta dogara ga ƙanƙarar teku da ke ja da baya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne batun kiril, wasu ƙananan halittu masu kama da jatan lande waɗanda tsawonsu bai kai ɗan yatsa ba, amma su ne abincin fengwin da manyan dabbobin teku na wannan yanki. Jiragen kamfanoni suna kwasar su don yin abincin kifin kiwo da ƙwayoyin mai na ƙarin lafiya. Akwai iyaka ta tan 620,000 a shekara a yankin da aka fi kamun, tare da wata ƙa'ida da ke tilasta a rarraba kamun don kada a tattare shi a inda dabbobi ke kiwo. A taron 2024 aka kasa cimma matsaya a kan sabunta wannan ƙa'ida ta rarrabawa, ta faɗi, kuma a 2025 aka cike iyakar har aka rufe kamun kafin ƙarshen kaka, abin da bai taɓa faruwa ba. Ga kuma masu yawon buɗe ido da yanzu suka haura 100,000 a kaka guda, alhali sashen dokar da aka amince da shi tun 2005 don tilasta wa wanda ya yi ɓarna ya biya kuɗin gyara har yau bai fara aiki ba, saboda wasu ƙasashe ba su kammala amincewa da shi a gida ba. Ban yarda a soke ƙa'idar amincewar kowa ba, domin ranar da aka fara zartar da hukunci da rinjaye a kan babbar ƙasa, ranar za ta fara tunanin ficewa. Amma ya kamata duk ƙasar da ta ƙi wata shawara a tilasta mata ta kawo hujjarta ta kimiyya a rubuce, a bainar jama'a, don naƙin ya zama yana da tsada.

Abin da ya faru a doron arewa ya isa gargaɗi. A can, Majalisar Aktik da aka kafa a 1996 ta haɗa ƙasashe takwas da wakilan 'yan asalin yankin, amma a watan Maris na 2022, bayan Rasha ta mamaye Yukren, sauran bakwai suka dakatar da aiki da ita. Rasha ce ke da kusan rabin gaɓar tekun Aktik, saboda haka bayanai daga tashoshinta a kan narkewar daskararriyar ƙasa suka daina isa ga masana da yawa, a yankin da ke ɗumama kusan ninki huɗu fiye da matsakaicin duniya.

Ƙanƙarar Antatika, da za ta narke duka, za ta ɗaga teku da kusan mita 58. Ba a tsammanin haka a zamaninmu, amma kogin ƙanƙara guda da ake kira Thwaites, wanda Amurka da Birtaniya suka haɗa kai wajen nazarinsa tun 2018, yana ɗauke da abin da zai ƙara wa teku kimanin santimita 65, kuma ruwan ɗumi yana cin sa ta ƙasa. Legas da Fatakwal da Kwatano da Akra duk a bakin ruwa suke, kuma da yawa daga cikin kayan da ke cika Kantin Kwari da kasuwannin Yamai ta tashoshin jiragen ruwan wannan gaɓar teku suke shigowa. Duk da haka, a cikin ƙasashe fiye da 50 da suka shiga yarjejeniyar, waɗanda 29 daga cikinsu ke da ƙuri'a, Afirka ta Kudu ce kaɗai daga nahiyarmu, sai Namibiya da ke zama a hukumar Hobart. A farkon shekarun 1980, Mahathir Mohamad na Malesiya ya kai ƙorafi Majalisar Ɗinkin Duniya cewa tsarin ya zama kulob na masu hali, kuma akwai gaskiya a maganarsa, domin ba a samun ƙuri'a sai an nuna ana gudanar da bincike mai nauyi a nahiyar. Amma Malesiya da kanta ta shiga yarjejeniyar a 2011, bayan ta fara tura masananta ta hanyar haɗin gwiwa da Niyuzilan.

Wannan hanya a buɗe take gare mu. Kowace ƙasa da ke cikin Majalisar Ɗinkin Duniya tana da damar shiga yarjejeniyar, kuma ba dole ba ne sai an gina tasha kafin a samu ƙuri'a, domin Holan ta samu tata a 1990 ta hanyar aiki a tashoshi da jiragen wasu. Afirka ta Kudu tana da tashar SANAE IV, tana kuma da jirgin bincike mai fasa ƙanƙara, S.A. Agulhas II, wanda ke tashi daga Kef Tawun duk shekara. Najeriya tana da cibiyar nazarin teku a Legas, jami'o'inmu kuma suna da masana yanayi da na kimiyyar ƙasa da ke fama da rashin kayan aiki. Abin da nake so in ga gwamnatin Najeriya ta yi shi ne ta miƙa takardar shiga yarjejeniyar da ta Madrid, sannan ta nemi Afirka ta Kudu ta ware wa matasan masananmu gurbi a wannan jirgi kowace kaka, a kuma ɗora musu aikin haɗa abin da suka auno a can da awon hawan teku da ake yi a gaɓar Legas da yankin Neja Delta.